Daga Ƙofar Ƙarfe Zuwa Shahidai: Tarihin Sunayen Wata Tashar Metro a Alƙahira

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a birnin Alƙahira, ko don karatu a Azhar, ko don jinya, ko don fatauci, da wuya a ce bai taɓa ratsawa ta dandalin Ramsis ba. A nan babbar tashar jirgin ƙasa ta Masar take, inda jiragen Iskandariya da na Luksor da Aswan suke tashi. A nan kuma ƙananan motocin haya suke cincirindo dare da rana, direbobi na ta kwarmata sunayen unguwanni. Ƙarƙashin wannan hayaniya akwai wata tashar, ta jirgin da ke bi ta cikin rami a ƙarƙashin gari, wanda mutanen Masar ke kira metro. Sunanta a hukumance Al-Shuhada, wato Shahidai. Kafin shekarar 2011 kuwa, sunan Mubarak ne rubuce a jikin allunanta.

Nazarin sunayen wurare reshe ne na ilimin harshe, kuma ɗalibin Hausa ya saba da shi tun daga tambayar asalin sunan unguwarsu ko ƙofar garinsu. Na zaɓi wannan tasha ne saboda fili ɗaya ne da ya ɗauki sunaye a ƙalla shida cikin kimanin shekara dubu ɗaya da ɗari huɗu, kuma kowane suna yana da wanda ya raɗa shi da dalilinsa na raɗawa. In muka bi su ɗaya bayan ɗaya za mu ga irin sunan da ke mutuwa tare da mai shi, da irin wanda ke daɗewa a bakin jama'a ko da abin da aka raɗa sunan dominsa ya ɓace.

Mashigar da kogi ya guje wa

Wanda ya tsaya a dandalin Ramsis a yau ba zai hangi ruwa ba, domin kogin Nilu yana can yamma, bayan unguwar Bulaƙ. A da kuwa wannan wuri bakin kogi ne. Lokacin da rundunar Amru ɗan Asi ta shigo Masar, akwai wani ƙauye mai ganuwa a nan da Larabawa suka kira Ummu Dunain, wanda suka ci da yaƙi a shekarar 640. Wannan shi ne sunan farko da littattafan tarihin Musulunci suka riƙe.

Daga baya wurin ya zama mashigar jiragen ruwa, aka riƙa kiransa Al-Maƙs. Marubuta tarihin birnin, cikinsu har da Al-Maƙrizi wanda ya rasu a 1442, sun danganta sunan da kalmar Larabci mai ma'anar harajin kaya, domin a nan mai karɓar kuɗin fito yake zama. Bayan Faɗimiyyawa sun kafa Alƙahira a 969, sun gina ma'aikatar ƙera jiragen ruwan yaƙi a Al-Maƙs. Da Salahuddin Al-Ayyubi ya karɓi mulki, ya sa a faɗaɗa ganuwar birnin tun daga 1176, a ƙarƙashin kulawar Baha'uddin Ƙaraƙush, har ta kai bakin ruwa a wannan wuri.

Sai dai kogi ba ya tambayar sarki inda zai bi. Cikin ƙarni na 13 da na 14 Nilu ya yi ta zubar da laka a gaɓarsa ta gabas yana janyewa yamma, har sabuwar ƙasa ta fito, Bulaƙ ta zama sabuwar mashigar birnin. Da jirage suka daina tsayawa, mai haraji ya tashi, sunan Al-Maƙs ya fara dusashewa. A yau sai a littafi ake cin karo da shi.

Ƙofar Ƙarfe

Sunan da ya gaje shi shi ne Bab al-Hadid, wato Ƙofar Ƙarfe. Kalmar bab ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin ita ce muka ara muka mayar babi, muna nufin kashi na littafi, wato ƙofar da ake bi a shiga wani batu. Sunan ya samo asali ne daga wata ƙofar gari da ke wannan yanki, wadda aka rushe a ƙarshen zamanin Muhammad Ali, kusa da tsakiyar ƙarni na 19. An rushe ƙofa, suna ya zauna, kamar yadda a biranen ƙasar Hausa unguwa kan ci gaba da amsa sunan ƙofa bayan ganuwar ta daɗe da zubewa.

Akwai wani kuskure da ake yawan yi a nan. Da yake Larabawa na kiran hanyar jirgin ƙasa sikkat al-hadid, wato hanyar ƙarfe, wasu na zaton daga dogo ne dandalin ya sami sunansa. Ƙofar ta riga dogo. Sai a 1851 Abbas na Ɗaya ya ƙulla yarjejeniya da injiniyan Ingila Robert Stephenson don shimfiɗa layin dogo tsakanin Iskandariya da Alƙahira. An buɗe kashin farko a 1854, layin ya iso Alƙahira a 1856, kuma shi ne na farko a nahiyar Afirka. Dacewa ce kawai ta sa hanyar ƙarfe ta zo ta ƙare a Ƙofar Ƙarfe, amma dacewar ta ƙara wa tsohon suna rai, domin ya sami sabuwar ma'ana a kunnen waɗanda ba su taɓa ganin ƙofar ba.

Ginin tashar da ake gani a yau an yi shi ne a farkon shekarun 1890, da ado irin na gine-ginen Musulunci, kuma a gefensa akwai gidan adana kayan tarihin jiragen ƙasa da aka buɗe a 1933. Mutanen karkara na kiran tashar Mahaɗɗat Masr, wato Tashar Masar, saboda a bakin ɗan ƙasar, Masr na nufin ƙasar baki ɗaya, tana kuma nufin babban birnin. Baƙauyen da ya ce zai tafi Masar, a nan yake sauka da ƙunshin kayansa.

A 1958 Yusuf Shahin ya fitar da fim mai suna Bab al-Hadid, wanda kusan dukan labarinsa ya gudana cikin wannan tasha. Shi da kansa ya fito a matsayin gurgu mai tallar jarida, Hind Rustum ta fito a mai sayar da lemon kwalba, Farid Shauƙi kuma a ɗan dako mai ƙoƙarin kafa wa ƴan'uwansa ƙungiya. Abin lura shi ne, a lokacin da fim ɗin ya fito hukuma ta riga ta sauya wa dandalin suna da shekara uku, amma mai fim ya riƙe sunan da jama'a suka sani.

Mutum-mutumi biyu

Sauyin sunan ya biyo bayan musayar mutum-mutumi. A 1928 an kafa wani aikin sassaƙa na Mahmud Mukhtar a tsakiyar dandalin, mai suna Nahdat Misr, wato Farkawar Masar. Siffar wata baƙauyiya ce tana yaye lulluɓinta, hannunta ɗaya a kan dabbar nan mai jikin zaki da kan mutum, wadda ke yunƙurin miƙewa. Aikin ɗan zamanin gwagwarmayar neman ƴanci ne da ta ɓarke a 1919, kuma jama'a sun ba da gudummawar kuɗi wajen yin sa.

Bayan hafsoshin soja sun kawar da Sarki Faruƙ a 1952, sabuwar gwamnati ta shiga sauya sunayen tituna da dandaloli. Titin Fu'ad na Ɗaya ya koma titin 26 ga Yuli, ranar da Faruƙ ya bar ƙasar. Dandalin Isma'iliyya ya tabbata a matsayin dandalin Tahrir. A 1955 aka ɗauke aikin Mukhtar aka kai shi kusa da Jami'ar Alƙahira a Giza, aka kawo wani ƙaton mutum-mutumin Fir'auna Ramsis na Biyu daga Mit Rahina, inda tsohon birnin Mamfis yake, aka kafa shi a gurbinsa. An sassaƙa shi da jan dutse, tsawonsa kimanin mita 11, nauyinsa tan 83, shekarunsa sun haura dubu uku. Dandalin ya zama dandalin Ramsis, babban titin da ya ratsa shi, wanda a da yake ɗauke da sunan Sarauniya Nazli mahaifiyar Faruƙ, shi ma ya zama titin Ramsis.

Akwai abin mamaki a zaɓen wannan sarki. Ramsis na Biyu ya yi mulki kimanin shekara 66 a ƙarni na 13 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma masana tarihin Masar sun tabbatar da cewa ya sa an sassaƙa sunansa a jikin gine-gine da mutum-mutumin sarakunan da suka gabace shi. Goge sunan magabaci tsohuwar sana'a ce a bakin Nilu: an kankare sunan Sarauniya Hatshepsut daga gine-ginenta bayan rasuwarta, an kuma tsallake Akhenaten a jerin sarakunan da aka rubuta bayansa. Gwamnatin da ke goge sunayen gidan Muhammad Ali ta ɗauko gwanin wannan sana'a ta tsayar da shi a ƙofar birni.

Zuwan metro da jerin sunaye biyar

Tun cikin shekarun 1930 aka fara maganar haƙa wa Alƙahira jirgin ƙarƙashin ƙasa, amma sai a 1982 aka fara aikin, da bashi da injiniyoyin Faransa. Dabarar da aka bi mai sauƙi ce. Akwai tsofaffin layukan dogo biyu na kewayen birni: ɗaya daga Hilwan a kudu ya ƙare a Bab al-Luƙ, ɗaya kuma daga Al-Marj a arewa maso gabas ya ƙare a Kubri al-Laimun, dab da dandalin Ramsis. Sai aka haƙa rami na kusan kilomita biyar ya haɗa su ta ƙarƙashin tsakiyar gari. Aikin ya yi wuya saboda ruwan ƙasa yana kusa, ga kuma tsofaffin bututun ruwa da wayoyin lantarki da ba a san ainihin inda suka bi ba.

An buɗe kashin farko, daga Hilwan zuwa dandalin Ramsis, ranar 27 ga Satumba 1987. Shi ne metro na farko a Afirka da ƙasashen Larabawa. A 1989 aka haɗa shi da Al-Marj. A yau layi na ɗaya yana da tsawon kimanin kilomita 44 da tasha 35.

Cikin ramin an gina tasha biyar, kuma a nan ne hukuma ta rubuta tarihin ƙasar yadda take so a karanta shi. Tashoshin da ke saman ƙasa sun riƙe sunayen unguwanninsu, irin su Ma'adi da Sayyida Zainab da Gamra. Na cikin rami kuwa sunayen mutane aka ba su. Mai tahowa daga kudu zai fara da Sa'ad Zaglul, jagoran gwagwarmayar 1919, wanda ya rasu a 1927, kuma gidansa da kabarinsa suna dab da tashar. Sai Sadat a ƙarƙashin dandalin Tahrir, wanda aka harbe ranar 6 ga Oktoba 1981. Sai Jamal Abdul Nasir, wanda ya rasu a 1970. Sai Ahmad Urabi, hafsan da ya yi wa Khedibi da Turawa tawaye, aka ci shi a Tal al-Kabir a 1882, aka kai shi gudun hijira tsibirin Silon, ya rasu a 1911. Ta biyar, wadda ke ƙarƙashin babbar tashar jirgin ƙasa, aka sa mata Mubarak.

Mutum huɗu na farko duk sun riga mu gidan gaskiya, tarihi ya riga ya auna su. Na biyar yana raye, kuma shekararsa shida kacal a kan mulki. Ya shiga sahun matattun gwaraza tun bai gama nasa zamanin ba, ya kuma ɗauki tashar da duk baƙon da ya sauka daga jirgin ƙasa zai fara gani.

Akwai kuma sunan da aka tsallake. Muhammad Najib, shugaban farko na Jamhuriyar Masar, wanda Nasir ya tuɓe a 1954, ya yi shekaru a tsare cikin wani gida a Al-Marj, unguwar da layin yake ƙarewa. Ya rasu a 1984. Sai da aka gina layi na biyu ya sami tasha, a unguwar Abidin. Kashin farko na wannan layi, daga Shubra al-Khaima zuwa Mubarak, an buɗe shi a 1996. Daga baya ya bi ta Ataba da Muhammad Najib da Sadat, ya nutse ƙarƙashin kogin Nilu zuwa Giza, ya kai Munib a 2005. Tun daga lokacin tashar Mubarak ta zama mahaɗar layi biyu.

Metro ɗin da ya kawo sunan Mubarak shi ne kuma ya taimaka wajen korar Ramsis. Girgizar jirage a ƙarƙashinsa, da ta motocin da ke bin gadar 6 ga Oktoba a samansa, da hayaƙin da ke cin dutsen, sun sa masu kula da kayan tarihi suka nemi a ɗauke shi. A watan Agusta 2006 aka ɗora shi a tsaye cikin kejin ƙarfe, aka ja shi a hankali tsawon dare zuwa Giza, dubban mutane suka fito bakin titi suna yi masa rakiya. A Janairu 2018 aka shigar da shi zauren sabon babban gidan kayan tarihi da ke kusa da dalar Giza. Mutum-mutumi ya tafi, dandali bai fasa amsa sunan Ramsis ba.

Shekarar 2011

Zanga-zanga ta ɓarke ranar 25 ga Janairu 2011, kuma bayan kwana 18, ranar 11 ga Fabrairu, Husni Mubarak ya sauka daga mulkin da ya riƙe kusan shekara talatin. Kwamitin binciken da gwamnati ta kafa ya ce an kashe aƙalla mutum 846, an raunata fiye da dubu shida.

Fasinjoji ba su jira hukuma ba. A cikin kowane tarago akwai taswirar layin a saman ƙofa, kuma cikin ƴan kwanaki aka shiga kankare sunan Mubarak daga taswirorin da makulli ko kwabo, wasu su shafe shi da alƙalami su rubuta Al-Shuhada a gurbinsa. Haka aka yi wa allunan tashar kanta. Ranar 21 ga Afrilu wata kotu a Alƙahira ta ba da umarnin a cire sunan Mubarak da na matarsa Suzan daga makarantu da tituna da duk wani ginin gwamnati, kuma akwai ɗaruruwan irinsu a faɗin ƙasar. A farkon watan Mayu hukumar metro ta kafa sababbin alluna, ta tabbatar da abin da hannun jama'a ya riga ya rubuta. A watan Yuli kotun ɗaukaka ƙara ta soke wancan hukunci, bisa hujjar cewa kotun farko ba ta da hurumin yanke shi, amma ba a mayar wa tashar tsohon sunanta ba. Lokacin da aka fara shari'ar Mubarak ranar 3 ga Agusta, a makarantar horar da ƴan sanda aka zauna, wadda ita ma kafin nan sunansa take ɗauke da shi.

Cikin dukan sunayen da wannan wuri ya ɗauka, biyu ne kawai muka san ranar da aka raɗa su da ranar da aka tuɓe ɗaya aka ɗora ɗaya. Sunan Mubarak, mai ma'anar wanda aka sa wa albarka, daga tushen da ya ba mu albarka da barka, ya yi shekara 23 da ƴan watanni. Sarki goma, zamani goma.

Su wane ne shahidan?

Shuhada jam'in shahid ne, kalmar da muka ara muka ce shahidi da shahidai. Tushenta ɗaya da shaida da shahada, wato ma'anar gani da ido da tabbatar da abin da aka gani. A watannin farko na 2011 ba wanda ke tambayar waɗanda ake nufi: matasan da aka harbe a gadar Ƙasr al-Nil da Suwais da Iskandariya ne, waɗanda hotunansu ke manne a bangaye. Amma allon tashar bai ambaci shekara ba, bai ambaci wata ba, bai ambaci sunan kowa ba. Kalma ɗaya ce tak.

Abin da ya biyo baya ya gwada wannan kalma. Bayan soja sun tuɓe Muhammad Mursi ranar 3 ga Yuli 2013, aka tarwatsa zaman dirshan magoya bayansa a dandalin Rabi'a al-Adawiyya ranar 14 ga Agusta, aka kashe ɗaruruwa. Kwana biyu bayan haka, ranar Juma'a, jini ya zuba a dandalin Ramsis kansa, a saman tashar Shahidai. Gwamman mutane suka mutu, wasu ɗaruruwa suka fake a masallacin Al-Fath da ke gefen dandalin, aka kewaye su har washegari, aka kama su. Iyalan waɗannan ma shahidai suke kiran mamatansu. Gwamnati kuma tana kiran sojoji da ƴan sandan da aka kashe a Sinai da wannan suna, kuma tun da daɗewa ƙasar tana da Ranar Shahidi, 9 ga Maris, don tunawa da Janar Abdul Mun'im Riyad da aka kashe a bakin mashigar Suwais a 1969. Ita kanta ranar 25 ga Janairu, kafin 2011 ranar ƴan sanda ce, don tunawa da waɗanda sojojin Ingila suka kashe a Isma'iliyya a 1952.

A ganina wannan faɗin ma'ana ne ya ceci sunan. Dandalin Rabi'a an sauya masa suna a 2015, aka sa masa na Hisham Barakat, babban mai gabatar da ƙara da aka kashe da bam a shekarar. Zanen fuskokin matattu da ke bangon titin Muhammad Mahmud an shafe mafi yawansu. Mubarak, wanda aka yanke wa ɗaurin rai da rai a 2012 kan kisan masu zanga-zanga, an wanke shi a 2017, kuma da ya rasu a Fabrairu 2020 jana'izar girmamawa ta soja aka yi masa. Duk da haka allon tashar bai sauya ba, saboda kowane ɓangare yana iya karanta nasa mamatan a cikinsa, ba kuma gwamnatin da za ta so a ce ita ce ta goge shahidai. Sai dai wannan tsira tana da tsada. Yaron da aka haifa bayan 2011, in ya sauka a tashar, ba abin da zai gaya masa wane ne ya mutu, ko wane ne ya yi harbi.

Al'adar sa wa tasha sunan mai rai ma ba ta mutu ba. A 2020 an buɗe babbar tasha a ƙarshen layi na uku da sunan Adli Mansur, wanda ya riƙe shugabancin ƙasar na wucin gadi daga 2013 zuwa 2014.

Tashar a idon fasinja

Fasinja bai cika damuwa da wannan duka ba, damuwarsa cunkoso ce. Layi na ɗaya da na biyu suna haɗuwa a wuri biyu kawai, Sadat da Shahidai. Ranar 14 ga Agusta 2013 aka rufe tashar Sadat saboda dalilan tsaro, ba a sake buɗe ta ba sai 17 ga Yuni 2015. Kusan shekara biyu jirage na wuce ta cikin duhu ba tsayawa, duk mai son sauya layi dole ya zo Shahidai, har matakalanta suka zama wurin da mutum kan yi tafiya ba da ƙafarsa ba. Kamar sauran tashoshi, akwai alama a dandamali da ke nuna inda taragon mata zai tsaya a tsakiyar jirgi, tsarin da aka fara tun ƙarshen shekarun 1980.

Kuɗin tikiti ma ya taɓa batun suna. Daga 2006 zuwa Maris 2017 fam ɗaya ake biya komai nisan tafiya, saboda haka mutum kan miƙa kuɗi ya karɓi tikiti ba tare da ya buɗe baki ba. A Mayu 2018 aka raba kuɗin bisa yawan tashoshi: fam 3, da 5, da 7. Daga nan ya zama fasinja kan faɗi inda za shi a gaban mai sayar da tikiti. A ziyarata ta ƙarshe na tambayi wani dattijo hanyar Shuhada, ya ɗan yi jim, sannan ya ce ko Ramsis nake nufi. Direbobin motocin haya ma, daga Giza har Abbasiyya, Ramsis suke kira. Ban ji ɗayansu ya taɓa kiran Shuhada ba, kuma waɗanda suka zauna a birnin kafin 2011 sun ce ba su kasance suna kiran Mubarak ba.

Kammalawa

Idan muka jera sunayen, ga abin da muke da shi: Ummu Dunain, Al-Maƙs, Bab al-Hadid, Ramsis, Mubarak, Al-Shuhada. Al-Maƙs ya mutu bayan aikin da ya haife shi ya ƙaura. Bab al-Hadid ya rayu fiye da shekara ɗari bayan ƙofarsa, har yanzu dattawa na faɗinsa. Ramsis suna ne da gwamnati ta ɗora, amma ya kama bakin jama'a saboda shekara 51 suna ganin mai sunan tsaye a gabansu, suna yin alƙawarin haɗuwa a gindinsa. Mubarak ya zauna a allo da taswira, bai shiga harshen titi ba, shi ya sa makulli da alƙalami suka isa su kawar da shi. Al-Shuhada kuwa shi kaɗai ne jama'a suka rubuta da hannunsu kafin hukuma ta sa hannu, kuma shi ne wanda ake ta jayayya a kan ma'anarsa.

Ɗalibin da zai nazarci sunan wani wuri, a Alƙahira ne ko a garinsu, zai amfana in ya yi tambaya uku: wane ne ya raɗa sunan, wane suna ne aka goge kafin a rubuta shi, kuma wane suna ne direba da mai talla suke kira. Sau da yawa amsoshin ukun sukan bambanta, kuma a tsakaninsu ne tarihin wurin yake.